Ranar da Ɗangana Ya Gaida Basiru

Shekara talatin da ɗoriya, kasuwar Tungar Laka ba ta taɓa ci ta watse ba tare da Ɗangana masunci ya zagi Basiru mahauci ba. Tungar Laka wani ɗan gari ne a bakin ruwa, gaba da Wara kaɗan, inda hanyar mota take gajiya ta bar wa jirgi sauran aikin. Ranar Alhamis kasuwarsu take ci. Da hantsi Ɗangana zai ɗaure jirginsa, ya bar wa matarsa Delu kifin ta ji da mata masu banda, shi kuwa ya gyara hula ya nufi rumfar mahauta yana toshe hanci tun daga nesa.

"Ina bawana?" haka yake farawa. "Kai ɗan ƙuda, wane mushe kaj jawo ma mutane yau?"

Basiru ba ya ko ɗaga kai daga gungumen da yake sara a kai. "Jama'a ku matsa mai ƙarni shi wuce, kada shi ɓata min nama. Mutum ya tsuhwa shina bin abin da ko wuyan yankawa bai da."

Daga nan sai abu ya hau. Ɗangana ya ce ƙudaje ne suka raɗa wa Basiru suna. Basiru ya ce Ɗangana a ruwa aka haife shi, a ruwa ya yi furfura, amma har yau bai taɓa wanka ba. Masu saye su tsaya da kwanukansu suna ƙyaƙyatawa, masu awon hatsi su miƙo wuya daga can. In sun gaji, Basiru ya yanko tsoka ya jefa a leda ya ce a kai wa Delu, baiwar Allah, ta ɗanɗana abinci ko sau ɗaya a mako. Kafin kasuwa ta tashi kuma Ɗangana ya dawo ya dangwarar masa da ƙaton kifi ragon ruwa a kan teburi, ya ce ya kai wa iyalinsa su san akwai halal a duniya.

Kowa ya san wasan masunta da mahauta. Ba su biyun suka ƙago shi ba, gadonsa suka yi, kamar yadda ɗaya ya gaji komar kamun kifi, ɗaya ya gaji wuƙa. Abokin wasanka yana da izinin faɗa maka abin da in wani ne ya faɗa sai an je gaban alƙali, kuma ranar da ka shiga uku shi yake da bakin cewa nasa aka taɓa.

Sai zamani ya lalace. 'Yan bindiga suka cika dajin da ke bayan gonaki, shanu suka riƙa ɓata garke-garke, jirage suka riƙa sauke mutanen ƙauyuka da tabarmi da tukwane a ka. Samarin gari suka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai, suka naɗa wani Aminu kwamanda, suka mayar da tsohon siton albasa da ke gefen kasuwa ofishinsu. Da farko an yi musu addu'a, don sun tsare gari. Daga baya aka fara yin shiru in sun wuce, don sun koyi wata magana, wai za su kai mutum daji ya nuna musu hanya. Duk wanda aka kai ya nuna hanya, har yau bai sami ta dawowa ba.

A cikin wannan hali ne wata farar mota ta shigo da Malam Bilyaminu, jami'in wata ƙungiya mai suna Gadar Aminci. Saurayi ne mai tsafta da ladabi, Bahaushe ne ciki da waje, sai dai ya tashi a inda nama yake zuwa gida a leda, kifi kuma a daskare. Ya ce ya zo nazarin rikici ne. Kwana uku yana bin zauruka da littafinsa yana tambayar mutane abin da ke damunsu, kowa na ce masa lafiya lau, sai godiya. Wa zai buɗe baki? In ka ambaci na daji su ji, in ka ambaci na sito su ji. Littafin Bilyaminu ya kwana uku fari fat, hankalinsa kuwa ya tashi, don ba a komawa ofis a ce an je an tarar da lafiya.

Ranar Alhamis Allah ya share masa hawaye. Yana tsaye yana sayen rake sai ya ji wani dattijo yana kiran wani dattijo bawa, shi kuma wanda ake kira bawan ga wuƙa tsirara a hannunsa. Nan take ya zaro waya ya ɗauki komai. Mai raken ya ce masa ai wasa ne. Bilyaminu ya ce ya sani, har jarrabawa ya rubuta a kan irin wannan wasan a jami'a, amma ta haka ake farawa. Gaskiyar magana ita ce rikicin daji yana da bindiga, na sito ma yana da ita, wannan kuwa ba shi da ko gwafa, saboda haka shi ya fi cancanta a sasanta.

Bayan wata guda aka kwashi masunta goma da mahauta goma zuwa Yelwa, taron bita na kwana uku a ɗakin taron wani otal mai sanyi kamar randa. An ci shinkafa da kaza. An zana itace a jikin allo, aka ce saiwoyin su ne tushen rikici, rassan kuma kalaman ɓatanci. Aka zaunar da Ɗangana da Basiru fuska da fuska, aka ce kowa ya faɗi yadda yake ji a ransa in an kira shi bawa. Basiru ya yi tunani ya ce shi dai yawanci yunwa yake ji, don lokacin bai karya ba. Bilyaminu ya rubuta. A rana ta uku aka kawo takardar alkawarin daina kalaman ɓatanci, kowa ya dangwala yatsa, aka ce su rungumi juna a ɗauki hoto. Suna rungume Basiru ya raɗa wa Ɗangana a kunne cewa in ya koma gida sai ya ƙone rigar nan, don ƙarnin ba zai fita da sabulu ba.

Da a nan abin ya tsaya, da an ci kaza an sha sanyi an dawo gida. To amma sai aka kira Ɗangana gaban taro aka naɗa shi Jakadan Zaman Lafiya na Tungar Laka. Aka sa masa 'yar shara shuɗiya mai rubutu a baya, aka rataya masa kati mai hotonsa a wuya, aka tafa. Nan ne aka taɓa shi inda yake masa ciwo. Sau biyu yana neman sarautar Sarkin Ruwa, sau biyu ana ba wa waɗanda ya koya wa jefa birgi a ruwa. Ya kai shekara sittin da biyar ba wanda ya taɓa liƙa wa sunansa komai, ko Alhaji. Bilyaminu ya ja shi gefe ya ce jakadun da suka riƙe alkawari za a kai su Abuja babban taro, kuma ƙungiya tana da masu sa ido a kowace kasuwa. Ɗangana ya dawo gida a gaban mota, hannunsa ɗaya dafe da katin kada iska ta juya hoton.

Alhamis ta zagayo. Ya ɗaure jirgi, ya wanke hannu har gwiwa, ya sa 'yar shara, ya nufi rumfar mahauta. Mutane suka fara matsowa suna murmushi tun kafin a fara. Basiru yana wasa wuƙa, ya kwana da sabon zagi a baki tun da ya ga rigar.

Ɗangana ya tsaya, ya ɗan rusuna. "Salamu alaikum, Malam Basiru. An tashi lahiya? Ƙaƙa iyali? Allah shi ba da kasuwa."

Basiru ya dube shi, sai ya fashe da dariya, a zatonsa wani sabon salon cin mutunci ne da ya fi na da zurfi. "Jama'a ku zo ku ga tarwaɗa da riga! Wa yab ba ka aron ta, ko gawa kat tsinta cikin ruwa?"

Zagin ya yi daɗi, kuma amsarsa ta zo wa Ɗangana har bakin leɓe, amsa mai kyau wadda za ta sa mai awon gero ya zubar da mudu. Ya haɗiye ta da ƙyar. "Na ji ra'ayinka, Malam Basiru, kuma ina mutunta shi," in ji shi, kamar yadda aka koya musu a Yelwa. Ya juya ya tafi.

Mako na biyu haka, na uku haka. A na huɗu Basiru ya amsa gaisuwar da "lahiya lau" ya ci gaba da saran ƙashi. Tsokar Delu ta daina zuwa, ragon ruwa ya daina zuwa.

Mutanen Tungar Laka ba su je jami'a ba, amma su ma suna da nasu nazarin rikicin. A saninsu, mutum ba ya daina zagin abokin wasansa sai in ya gano masa wani abu mai nauyin da ya fi ƙarfin wasa. Takardar Yelwa kuwa ba wanda ya sa ta a lissafi, don mutum goma sha tara sun dangwala mata yatsa sun dawo sun ci gaba da zagin juna. To me Ɗangana ya sani? Aka fara duban naman Basiru da sabon ido. Shanu sun yi wuya, amma rumfarsa ba ta rasa nama, kuma da kitse. Wata ta ce ta ga an shigo masa da saniya ta bayan gari. Wani ya ce ba saniya ɗaya ba ce, uku ne. Kafin wata ya cika sun zama garke.

Delu ta tare mijinta yana gyaran ragarsa ta kalli a gindin mangwaro. "Malam, ka koma ka zagi mutumen ga. Gari ya ɗauki magana."

"Ke ba a wayar miki da kai ba," in ji Ɗangana. "Irin wagga magana ita anka kira saiwa."

"To. Allah shi sa saiwar ta yi ɗiya masu daɗi," ta ce, ta kwashe kwandonta.

Alhamis ta bakwai, da hantsi, Ɗangana yana bakin ruwa yana kwance injin jirgi, ya hango Delu tana tahowa da sauri ba mayafi. Tun da ya aure ta bai taɓa ganinta a waje ba mayafi ba.

"Sun kama Basiru," ta ce tana haki. "'Yan sa-kai. Daga rumhwa sunka ja shi, shina riƙe da cinyar saniya. Wai shanun sata shika saye wurin mutanen daji. Sun ce in an yi la'asar za su kai shi shi gwada musu hanya."

Ɗangana ya saki injin. "Da wace shaida? Wa yag gani?"

"Kai," in ji Delu. "Kai as shaidarsu."

Ɗangana ya zaro waya ya kira Bilyaminu. Sai a kira na uku ya ɗauka, da ƙaramar murya, ana jin tafi a bayansa. Yana wani taro a Birnin Kebbi. Ya saurara, ya ce innalillahi, kuma har ransa ya faɗa, don ba mugun yaro ba ne. Sannan ya ce Baba ya ɗauko fom mai launin ɗorawa cikin jakar da aka ba shi, ya cike rana da lokaci da wurin da abin ya faru. Za a tura wa wata ƙungiyar abokan aiki masu kula da haƙƙin ɗan Adam, su kuma suna amsawa cikin kwana uku na aiki.

"Malam Bilya, la'asar anka ce. La'asar ta yau."

"Na gane, Baba. Ka je ka buɗe ƙofar tattaunawa da su. Amma ka tuna, jakada ba ya ɗaukar ɓangare."

Ɗangana ya tafi da 'yar shararsa da katinsa. Rabin kasuwa ta koma ƙofar siton albasa, an yi cirko-cirko. A tsakar filin, a gindin wata bishiyar darbejiya, ga Basiru a zaune a ƙasa an ɗaure shi da igiyar shanu ta baya. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, gemunsa ya yi jini. Tsoho ne, amma Ɗangana bai taɓa lura da tsufansa ba sai yau, kuma tausayi da kunya suka kama shi lokaci guda. Kwamanda Aminu yana kan benci, layu sun cika masa ƙirji, bindiga a kan cinya.

Ɗangana ya gyara murya ya fara. Ya ce shi Jakadan Zaman Lafiya ne. Ya ce kowane ɗan Adam yana da haƙƙi. Ya ce ya kamata duk masu ruwa da tsaki su hau teburin tattaunawa a gano saiwar matsalar. Yana magana yana jin kalmomin suna fita daga bakinsa kamar tsakuwa a cikin shinkafa.

Aminu ya bar shi ya gama, don yaro ne da aka yi wa tarbiyya. "Baba, teburi dai ba mu da shi, benci muka da. Kuma mu godiya za mu yi maka. Kai kah hwara gane shi. Wata biyu kana gaishe shi gaban jama'a, har da rusunawa. In ba ka san komi ba, mi yas sa?"

"Takarda ta! Alkawali munka yi Yelwa, anka ce a bar zagi."

Wani ya yi tsaki a cikin taron. Aminu ya yi murmushi. "Haba Baba. Ka bar abin da ubanka yag gada wurin ubanai don takarda? Ko yaro ba shi yarda da wagga. Mun san kana rufa mai asiri don zaman tare. Ka tahi gida, ka yi naka."

Ɗangana ya duba fuskokin mutane, ya ga babu wanda ya gaskata shi, har waɗanda suka ci kaza tare da shi a Yelwa. Sun fi yarda Basiru ɓarawo ne da su yarda shi Ɗangana wawa ne har haka. Wannan girmamawar ita ce za ta kashe mutum.

Aka kira azahar. Ba wanda ya motsa sai 'yan kaɗan. Basiru bai ɗaga kai ya dube shi ba ko sau ɗaya. Zufa ta jiƙe wa Ɗangana baya. Ya cire katin ya cusa a aljihu, ya tuɓe 'yar sharar ya rataya a kan wani babur da ke kusa. Sannan ya ja numfashi irin wanda yake ja in zai kira jirgi daga tsakiyar ruwa.

"Wane marar kunya yat taɓa min dukiya?"

Har Aminu sai da ya zabura. Ɗangana ya ratsa samarin ya tsaya a kan Basiru, ya toshe hanci.

"Ku dube shi! Wanga za ku ce ma ɓarawo? Ku ba ɓarayi haƙuri, kun ci mutuncinsu. Mutumen da in za shi yanka kaza sai ya rufe ido? Wanga da ko ƙuda ba su yarda su ba shi ajiya? Mutanen daji su rasa wanda za su yi hulɗa da shi duk ƙasar Yawuri sai wanga gungumen? Bawana na! Ubana ya gaji ubanai, ni na gaje shi. In ya yi sata ni ad da hukuncinai, ba ku ba. Wata biyu nib ba shi hutu don in ga ko shi yi hankali, ashe mushe ba shi hankali!"

Ya tsaya yana haki. Ba wanda ya yi dariya. Duk idanu suka koma kan Basiru, don kowa ya san wasa ba ya zama wasa sai an mayar. In bai amsa ba, abin da aka ji tsoho ne kawai yake zagin ɗaurarre.

Basiru bai amsa ba. Kansa na sunkuye.

Tsoro ya kama Ɗangana irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da dorina ta kife masa jirgi. Ya ƙara matsawa. Ya zagi wuƙar Basiru, ya zagi gungumensa, ya zagi tsiren da kakansa ya sayar a tsohon gari kafin ruwa ya ci shi. Zagin ya fara fita kamar roƙo. "Kai ɗan ƙuda, da kai nika. Ko sun cire maka halshe na? Ka yi magana mana, bawan banza."

Basiru ya tofar da jini a gefe. Ya ɗaga ido ɗayan da ya rage, ya dubi Aminu, ba Ɗangana ba.

"Kwamanda, don Allah in kashe ni za ku yi, ku kai ni nesa da mai ƙarnin ga. Duka na iya ɗauka. Wanga wari na ban iyawa."

Wata tsohuwa mai tallan ƙuli ce ta fara, sannan filin duka ya ɗauka. Dariya ce ta mutanen da suka daɗe a tsorace, har da masu share hawaye, har samarin da ke riƙe da sanduna. Kuma da wuya a ja mutum zuwa daji a gaban taron da ya gama yi masa dariya. Liman, wanda tun safe yake nazarin yatsun ƙafarsa, ya sami murya ya ce a gaskiya a bi a hankali. Sarkin Fawa ya tuna cewa duk saniyar da Basiru ya yanka da shaidar kara, kasuwar shanu, ta shigo. Dattawa suka yi ta fitowa da gaskiya ɗaya bayan ɗaya, yanzu da ta daina tsada.

Aminu ya duba taron ya ga inda iska ta juya. Ya sa aka kwance igiyar. "Mun ba ka shi, Baba, tunda naka na. In munka ji wani abu, kai za mu zo ɗauka."

"Ku zo da sabulu," in ji Basiru, aka sake fashewa.

Ɗangana ya sa kafaɗa ya tallafe shi suka fito. Zuciyarsa fari ƙal, har yana jin da ma Sarkin Ruwa yana wurin ya gani. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya masa, yadda Aminu ya saki mutum ba gardama, kamar wanda ya riga ya ƙoshi. Suka bi ta bayan rumfunan masu tukwane inda ba mutane. Nan ya lura Basiru yana riƙe da hannunsa na dama a ƙirji, yatsu biyu sun karkace sun kumbura.

"Ɗangana," in ji Basiru, kuma rabon da ya kira shi da sunansa tun suna samari. "Mi kaj ji a kaina?"

"Wallahi ban ji komi ba."

"Su sun ce ka san komi. Sun ce kai kah hwaɗa musu, saura in cika. Wata biyu ina bincikar kaina ina neman abin da niy yi maka." Ya tsaya ya jingina da bango. "Sun ce in hwaɗi wanda ka kawo min shanu. Na ce kara nika saye. Sunka karya min yatsa ɗaya. Na ce kara. Da sunka kama na biyu, sai nic ce Sufyanu."

Ɗangana ya san Sufyanu. Bafulatani ne mai rugar da ke ƙetaren fadama, a nan aka haifi ubansa, matarsa ce take kawo wa Delu nono. Sau biyu mutanen daji suna kore masa shanu, abin da ya rage yake sayarwa ɗaya-ɗaya yana ciyar da gida.

"Tsohuwar saniya guda yas sai min, da shaida da komi," in ji Basiru, hawaye na bin kumburin fuskarsa. "Sunan da yaz zo min ke nan. Babur shidda sun tahi rugar tun kahin azahar. Sun ce shi ba sai an kawo shi gari ba."

Ɗangana ya tallafe shi. Ya zaunar da Basiru a inuwa, ya ƙwalla wa Delu kira ta zo ta kai shi wurin mai ɗori. Shi kuma ya tsaya yana lissafin hanya. In ya sami babur zai iya kai wa rugar, ko ya tare su a hanya. To ya je ya ce me? Masunci ba shi da wasa da Bafulatani. In ya buɗe baki ya kira Sufyanu bawa ko ɓarawo a gaban waɗannan samarin, ba dariya za su yi ba, shaida ta biyu za su samu. Mutum ɗaya ne a duniya yake da izinin ya tsaya a kan Bafulatani ya zage shi tas ya ce nasa ne, a saki. Abokin wasansa, Babarbare.

Ya juya ya koma cikin kasuwa da gudu-gudu. Da can Barebari suna zuwa sayen banda su yi gabas da ita, amma tun da hanya ta lalace ƙafarsu ta ɗauke. Ya fara da layin masu banda.

"Akwai Babarbare cikin kasuwar ga? Don Allah, ko guda?"

Matan suka dube shi, suka tuntsire da dariya. Labarin sito ya riga shi isowa, kowa na cikin nishaɗi. "Baba Ɗangana ya dawo!" in ji wata. "Ka gama da mahauta, yanzu Barebari za ka shiga?"

"Ba wasa nika ba. Rai na."

Wannan ma ta ba su dariya. Ya wuce layin masu goro, ya wuce masu gishiri da kanwa. Ko'ina ana miƙo masa hannu, ana ce masa yau ya burge. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bilyaminu ne, muryarsa a raunane. Ya ce wani ya turo masa bidiyon abin da ya faru, kuma a gaskiya ransa ya ɓaci, don duk aikin da aka yi a Yelwa ya koma baya, ba ya jin maganar Abuja za ta yiwu.

"Malam Bilya," Ɗangana ya katse shi, "kai Babarbare na? Ko innarka?"

"A'a, Baba. Me ya kawo wannan?"

Ya kashe wayar. Ya gangara bakin ruwa inda jiragen fasinja suke lodi, yana bin su ɗaya-ɗaya yana leƙa fuskokin mutane ko zai ga mai tsagar Barebari. Ladan ya fara gwada lasifika don la'asar. Wani direban jirgi ya tausaya masa, ganin tsoho yana haki, ya ce akwai wani Babarbare mai sayen busasshen kifi da yakan zo daga Yelwa jefi-jefi. Ya ce in Baba ya yi haƙuri, wataƙila ya shigo Alhamis mai zuwa.